Akwatin Wasan Mama Nas

A ƙarshen shekarun saba'in ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Gusau, a layin da ke gangarawa daga kasuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Aikina rediyo ne da rakoda, sai talabijin jefi-jefi, don masu ita a garin ba su da yawa, kuma ko kana da ita sai ka ɗaure eriya a kan dogon gora kafin ka ga inuwar mutum tana motsi a gilashi.

Wata Talata cikin damina, bayan azahar, wata mata ta shigo da ƙunshi a cikin tsohon zane. Na san ta, kowa a layin ya san ta. Mama Nas muke ce mata. Ungozoma ce a asibitin gari, Kirista, mutuniyar Filato, ta haura shekara ashirin a Gusau, Hausarta ta fi ta wasunmu. Mijinta tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi shekara biyu, ya rasu kamar wata biyu kafin wannan ranar.

Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Ta ajiye ƙunshin a kan tebur ta kwance. Wani akwati ne na roba, bai kai tire girma ba, an yi wa samansa launin katako. Wayoyi biyu sun fito daga jikinsa, kowace da ɗan abin murɗawa a bakinta, irin na ƙara muryar rediyo.

"Ɗana, ka taɓa ganin irin wannan?"

"A'a, Mama. Mene ne?"

"Wasa ne, a talabijin ake yin sa. Yarona da ke karatu a Turai ya aiko wa babansa."

Ina da wata ƙaramar talabijin baƙi da fari da nake gwaji da ita. Ta nuna mini inda ake haɗa wayar, na haɗa, na kunna. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Wani layi mai ɗigo-ɗigo ya raba shi biyu daga sama har ƙasa. Sai farar sanda ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da lambobi biyu a sama. Wata 'yar ƙwallo mai kusurwa huɗu ta fito tana yawo. In ka murɗa abin hannunka sandarka ta hau ko ta sauka, ka tare ƙwallon, ta yi ƙara tuk, ta koma wa abokin wasanka. In ta wuce ka, an ci ka ɗaya. Wasan ke nan gaba ɗaya.

Ta ce ɓangaren dama ne ya mutu wa mijin, kuma magana ta ɗauke. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsun hagu kada su ma su sandare. To kullum in ta taso daga aiki sai ta ja kujera kusa da tasa, shi ya ɗauki na hagu, ita ta ɗauki na dama.

"Da baki ba ya iya ce mini komai," in ji ta. "Amma in ya ci ni, sai ka ga gefen bakinsa ya ɗaga."

"To me ya samu akwatin, Mama? Ai ga shi yana aiki."

"Zauna ka gani. Kar ka taɓa na hagun."

Ta ture abin murɗawar hagu can ƙarshen tebur, ta riƙe na dama. Hadari ya riga ya haɗu ta gabas, shagon ya yi duhu kamar magariba, ban ma lura ba sai da na ga hasken gilashin a fuskarta. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya tsayar da kekensa ya fita kwashe kaya. Ta buga ƙwallon ta tafi hagu. Sandar hagu tana tsaye a ƙasa. Sai na ga ta yi ɗan rawa. Ta fara hawa a hankali, ta ɗan tsaya, ta ƙara hawa, ta tare ƙwallon. Tuk.

Na dubi abin murɗawar. Yana nan inda ta ajiye shi, babu abin da ke kusa da shi sai gwangwanin da nake zuba kusoshi.

Sau uku sandar tana tarewa. A na huɗu ta makara, ƙwallon ta wuce.

"Ka gani?" Mama Nas ta ce, ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. "A hankali take hawa, ta tsaya, sannan ta ƙarasa. Haka hannunsa yake yi."

"Danshi ne, Mama," na ce. Na ji muryata ta fi ƙarfin ɗakin. "Damina ce. Danshi ne ya shiga abin murɗawar."

Ta juyo ta dube ni.

"Ni ma'aikaciyar asibiti ce, ɗana. Na rufe idon mutane da hannuna ban san adadi ba. Na san wanda ya tafi ya tafi. Fastonmu ya ce in ƙona shi. Ni ba na son in ƙona abin da yarona ya saya wa ubansa don tsoro. So nake wanda ya san aikin ya buɗe, ya nuna mini da yatsa, ya ce ga abin da ya lalace. Shi ke nan hankalina ya kwanta."

Na ce ta bar mini shi kwana uku.

Washegari da hantsi, rana tsaka, ƙofa a buɗe, na wanke abin murɗawar da sifirit na shanya. Na kunna. Sandar ta hau. Na ɗauko ƙarfen dalma na cire wayar hagun gaba ɗaya, na sa ta a aljihuna. Na kunna. Babu waya, babu abin murɗawa, sandar ta ci gaba da hawa da sauka tana tarar ƙwallo. Na yi ta'awizi, na kashe, na fita waje na tsaya wajen mai rake har na ji daidai.

Da na dawo na ce sai na buɗe cikinsa. Nan na fara ganin halin waɗanda suka ƙera shi. Kusoshin da suka ɗaure shi da su kawunansu ba irin namu ba ne, tsaga uku gare su, babu sukudirebar da ta shiga. Sai da na goge wani ƙarfen tayar keke da zarto na yi tawa. A kan ƙusa ɗaya sun manna 'yar takarda. Na gama firamare, ina karanta Turancin takardun rediyo daidai gwargwado. Ta ce duk wanda ya yage ta, babu shi babu garanti. Na ɗauko ɗan littafin da ya zo da akwatin, wanda Mama Nas ta haɗo mini da shi. Garantin na wata uku ne, kuma sai a ƙasar da aka saye shi. Wato tun akwatin yana cikin jirgin ruwa garantin ya ƙare. Na yage takardar.

Rediyoyin wancan zamani, in ka cire murfin baya, za ka tarar da zanen hanyoyin wutar a manne a ciki, kowane ƙarfe da lambarsa. Wanda ya ƙera yana magana da wanda zai gyara, ko da ba za su taɓa haɗuwa ba. Wannan babu zane, babu komai. A tsakiya, inda zuciyar abin take, sun zuba wani baƙin ƙaro mai tauri kamar kwalta ya daskare a kai. A gefe, inda ƙaron bai rufe ba, na ga wurin da lamba take an kankare ta. Ba gogewar tsufa ba ce, ana ganin sawun abin da aka kankare da shi. Na daɗe zaune ina kallon wannan baƙin dunƙule. Ban taɓa cin karo da kayan da mai shi ya ɓoye mini fuska da gangan ba sai ranar.

Na mayar da wayar, na ɗaure, na gaya wa Mama Nas gaskiya: ban san abin da ke damunsa ba, kuma an rufe hanyar da zan bi in sani. Akwai adireshin kamfanin a bayan littafin. Ta zauna a bencin shagona ta rubuta musu wasiƙa da kyakkyawan rubutunta na asibiti. Abu uku ta roƙa: su aiko da zanen cikin, ko su aiko da abin da za a canza, in duk ba za su iya ba su gaya mata kawai me ke sa sanda ta motsa ba hannu. Ni na kai gidan waya. Ta naɗe akwatin a zanenta ta tafi da shi gida kafin amsa ta zo.

Ranar Juma'a na je Bunguɗu wajen mahaifiyata, na ba ta labari muna zaune tana gyaran wake. Ba ta ce aljanu ba ne, ba ta ce ba su ba ne. Ta tambaye ni ko matar tana da wanda ke kwana da ita a gidan. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To wannan ya kamata ka tambaya, ba ƙarfe ba." Da zan tafi ta ba ni ƙullin daddawa in kai mata.

Bayan kamar sati biyu wani direban bas da nake gyara wa rediyon mota ya ce mini ya taɓa ganin irin akwatin a Tsafe, gidan wani Alhaji dillalin hatsi, daga aikin Hajji ya zo da shi. Na yi tunanin ko na samu wanda aka bar cikinsa a buɗe in kwatanta. Ranar Lahadi na bi shi. Dawa ta yi tsawo har tana rufe bukkokin gona, duwatsun Tsafe sun yi shar da ciyawa. Na tarar da Alhajin a zaurensa, dattijo ne mai fara'a. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai fara'ar ta ragu.

"Wanga abu? Ai tun bara munka rabu da shi."

Ya tashi da kansa ya zagaya da ni bayan gida, wajen wani tsohon rumbu da aka daina zuba hatsi a ciki. Ya sa sanda ya zaƙulo wani buhu. Akwatin na ciki, da sauran kashin ɓera a kansa.

"Don ɗiya na sawo shi," in ji shi. "Da batir ɗin mota muke kunna talabijin ɗin. Wata ukku suna wasa lafiya lau. Rannan sai lambobin sunka kama ƙirga kansu. Ba kowa kusa, kana ji yana tuk, tuk, lamba na hawa. Mai ɗakina ta ce ko shi ko ita."

"Ba ka kai gyara ba, Alhaji?"

"Har Kano. Sunka ce ba su san shi ba. Da aminina zai tafi Hajji na ba shi ya kai ma wanda ya sayar min. Ka san mi ya ce? Wai irin wanga ya ƙare, an yi sabo, in sayi sabon. Abu ɗan wata ukku wai ya tsufa! Jakina shekara tara yana min aiki."

Ya ce in ɗauka, amma kada in maido masa.

A bas na ɗora buhun a cinyata har Gusau, kuma ba zan ɓoye ba, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar wani abu ya motsa a ciki. Na Alhaji launinsa daban, sunan da ke jikinsa daban, amma da na buɗe sai ga baƙin dunƙulen nan, ga lambar a kankare, kamar uwa ɗaya ta haife su. Na sa batir na gwada. Sanduna biyu suka tsaya cik, babu ƙwallo ko ɗaya a fili, lambar dama tana hawa ita kaɗai, ɗaya, biyu, uku, har goma sha biyar, ta koma sifiri ta sake farawa. Na cire batir ɗin na tura shi ƙarƙashin tebur.

Daddawar nan ce ta kai ni gidan Mama Nas, a kwatas ɗin reluwe, wata ranar da la'asar. Ita kaɗai ce a gidan. Kujerar mijin tana nan a falo, mai hannu, da matashin da ya lotsa ta gefe ɗaya, tana fuskantar talabijin. Akwatin yana ƙasa a haɗe.

"Tunda ka zo, duba mini wannan ma," ta ce.

Ta zare wayar talabijin ɗin daga bango ta nuna mini bakinta, don in tabbata babu wuta. Sannan ta ja labule. Da idona ya saba da duhun sai na gani. A kan gilashin da yake a kashe, layin nan mai ɗigo-ɗigo yana nan, dishi-dishi, daga sama har ƙasa. Ga inuwar lambobi a sama. A dama ga sanda ɗaya a tsaye, fes. A hagu kuwa wata doguwar inuwa ce, kamar an shafa yatsa a kan ƙura, daidai inda sanda ke hawa da sauka.

Wannan kam na san shi, kuma na ji daɗin samun abin da na sani. Na ce mata hoto ɗaya in ya daɗe a wuri ɗaya yana cin gilashin talabijin, ya bar tabo, ba ya fita.

"Amma sai an yi awoyi da yawa, Mama. Kullum, wata da watanni."

Ta zauna a hannun kujerar.

"In zan tafi aiki nakan kunna masa in sa masa abin a hannu. Ina dawowa in tarar da shi a kunne. Na ɗauka barci yake yi ya bar shi." Ta nuna sandar dama, wadda ta fito fes. "Wannan tawa ce. Ba ta motsa ba shi ya sa ta fito haka, ko?"

Na ce haka ne.

"Ashe yini yake yi yana buga mini ina asibiti."

Muka duba ɗan littafin tun daga farko har ƙarshe, ko sun yi gargaɗi a kan tabon. Babu ko kalma ɗaya.

Amsar kamfanin ba ta zo ba sai bayan an fara girbin gero. Ta kawo mini ita shago, da akwatin a ƙunshe a zanenta, ba ta ko zauna ba. Bugaggiyar takarda ce, irin wadda ake aika wa kowa, an bar fili an cusa sunanta da kuskure. Sun gode da ta zaɓi kayansu. Sun daina yin wannan samfurin, babu kayan gyaransa. Ba sa ba wa mutanen waje zanen cikin kayansu. Suna ba da shawara kada a buɗe. Sun haɗo da wata takarda mai launi, ta tallan sabon da suka fitar, da hoton wasu Turawa mata da miji suna dariya a gaban talabijin. A can ƙasan tallan, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, an ce kada a bar wasan a kunne na dogon lokaci, yana iya yi wa talabijin tabo.

"Ashe sun sani," ta ce. "To tambayata ta uku fa? Duba, ko idona ne."

Na duba gaba da baya. Ba su taɓa ta ba.

Na sha tunanin wannan takarda daga baya. Ban ce mugaye ba ne. Watakila wanda ya sa ta a ambulan bai ma karanta wasiƙar Mama Nas ba, yana da ɗari irinta a gabansa. Amma wani ya zauna ya yanke shawarar a zuba ƙaron nan, wani ya ce a kankare lamba, wani ya zaɓi kusoshi masu tsaga uku. Tsoronsu kada wani kamfani ya kwaikwaye su. Matar da za ta zauna ita kaɗai a falo a Gusau tana kallon sanda na motsi ba ta cikin lissafinsu. Sun sayar da abu, sun riƙe saninsa a wurinsu.

Ta ce, "Fasa ƙaron."

"Mama, zai iya mutuwa gaba ɗaya."

"Fasa."

Kwana biyu na yi a kansa, da ƙarfen dalma da allurar ɗinkin buhu, ina ɗumama ƙaron ina ɓantara kaɗan-kaɗan. Warinsa kamar ana ƙona gashi, har tela ya leƙo yana tambaya. Na fara gwadawa a kan na Alhaji don hannuna ya saba. A rana ta biyu, a gefen hagu na dunƙulen akwatin Mama Nas, na tarar da wata 'yar ƙwaya, ba ta kai ƙwayar wake ba, ƙafarta ɗaya ta yi koren tsatsa, jikinta ya tsage. Na ciro 'yar'uwarta daga na Tsafe na dasa. Na kunna. Sandar hagu ta tsaya. Na jira. Na murɗa, ta bi hannuna. Na saki, ta tsaya. Na bar shi a kunne tun hantsi har azahar, ba ta ko girgiza ba.

Da Mama Nas ta zo na ce ta buɗe hannunta, na sa mata ƙwayar a tafi.

"Ga shi, Mama. Wannan ce."

Ta kai ta kusa da ido ta juya ta. Sannan ta ce in kunna. Ta ɗauki na dama kamar ranar farko, ta buga. Ƙwallon ta tafi hagu ta wuce, sandar tana tsaye. Ɗaya. Ta sake bugawa, ta wuce. Biyu. Na ɗauka za ta tsaya a nan, amma ta ci gaba. Tela yana ta taka kekensa a bayan bango. Sai da lambar ta kai goma sha biyar da sifiri sannan ta ajiye.

"Kashe," ta ce.

Ta ƙulle ƙwayar a bakin zanenta.

"Da sun rubuto mini layi ɗaya tun farko, sun ce wata ƙwaya ce takan lalace, da ban yi wata huɗu ina zama gabansa ina ba shi labarin asibiti ba."

Ban san tana yi ba sai ranar. Ban kuma gaya mata abin da ke raina ba, wato na gane ruɓaɓɓiyar ƙwaya za ta iya sa sanda ta yi yawo, amma ban gane yadda za ta sa ta tare ƙwallo sau uku cikin huɗu ba. Shekaru da yawa bayan haka wani injiniya ya ce mini mai yiwuwa wutar da ke tafiyar da ƙwallon ce take yoyo ta cikin tsagar tana jan sandar. Mai yiwuwa ne. Ba shi da zanen, ni ma ba ni da shi.

Akwatin ta ba wa yaran maƙwabtanta. Ya yi musu aiki har wajen Kirsimeti, sannan wata rana ya ƙi kamawa, ba wanda ya kawo mini shi kuma. Ta ɗauko wata 'yar ƙanwarta daga gida ta zo ta zauna da ita.

Shekarar da ta biyo ta yi ritaya. Ranar da za ta koma Filato na je na taya su ɗora kaya a babbar mota, ni da tela da wasu matan cocinsu. Da aka gama ɗaure igiya ta kira ni gefe ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin. Ta ce yaronta ya rubuto, wai an fito da wani sabo mai launi, har da motoci a ciki, yana so ya aiko mata don kada kaɗaici ya dame ta a ƙauye.

"Me kika ce masa, Mama?"

"Na ce ya aiko mini da tabarau. Idona ya fara ba ni wahala wajen sa zare a allura."

Direba ya yi ham, 'yar ƙanwar tata ta miƙo hannu daga gaban mota ta ja ta sama.